Bargon Ta-Ƙetare

Ranar farko ta zaman makokin Kaka, matan da suka cika falonmu a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ba su daɗe suna kuka ba. Sun yi inna lillahi, sun ce Allah Ya ji ƙan Hajiya, sun karɓi gahawa da dabino. Daga nan idanuwa suka fara komawa kan gadonta, wanda ake hangowa ta ƙofar ɗaki. Akwai bargo a ninke a kai, babba, mai nauyi, wanda aka haɗa da ƙyallaye iri-iri. Ni ce mai zagayawa da butar gahawa, kuma da yake ba ni da yawan magana, mutane kan manta ina da kunne.

"Shi ne wancan?" wata ta tambayi ta kusa da ita.

"Shi ne. An ce duk wanda ya mutu a gidan nan sai ta yanki rigarsa."

"A'uzu billahi. Ta yi me da ita?"

"Ke ma dai kya faɗa. Bargo a Jidda? Wane sanyi ake yi?"

Wata mata 'yar Maraɗi, wadda ta fi kowa kuka tun safe, ta ɗago kai ta ce, "Ku ji tsoron Allah. Ko kwana ba ta yi a ƙasa ba." Duk da haka ba su daina kallon gadon ba.

Maganar ta sauka har ƙasa inda maza ke zaune. Bayan magariba Baffa, yayan mahaifina, ya hau bene ya kira Gwaggo gefe. Ya ce da an tashi daga zaman makoki za a fitar da tufafin Inna, wato Kaka, sadaka, kuma bargon nan ba zai ƙara kwana a gidan ba. "Halas, ya isa haka," in ji shi. "Mun gaji da surutun mutane." A cikin bargon akwai farin ƙyalle daga rigar mahaifina, wanda ya rasu ina ƙarama. Akwai kuma, a tsakiyarsa, abu ɗaya tak da ya rage mana na matar da muka fito daga tsatsonta.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so abin da za a riƙa tunawa da Kaka ya zama raɗe-raɗin da aka yi a kan gahawa.

A Jidda aka haife ta. Iyayenta da ƙafa suka zo aikin Hajji ta Sudan, suka zauna. Ta yi rayuwarta duka da iƙama, takardar izinin zama, a ƙulle cikin haɓar zani, kuma tun tana yarinya ta koyi cewa tambaya ita ke zuwa kafin masifa. Ko gaishe ta ka yi da kyau fiye da kima, sai ta kalle ka ta ce, "Wa ya aiko ka?" In maƙwabciya ta aiko da abinci, sai ta shinshina, ta bari wani ya fara ci. Ba ta taɓa faɗin ranar da za ta je Makka ba sai ta dawo. In za ta yi magana mai muhimmanci takan rufe taga, ta karɓi wayata ta kai kicin ta kifa mata kwano. "Wannan abin yana da kunne," in ji ta. Ni kuwa, saboda yawan tambayata, ta raɗa mini suna 'yar rahoto. Da na shigo da littafi a hannu sai ta ce, "Ga 'yar rahoto nan, kowa ya kama bakinsa," alhali daga ni sai ita a ɗakin.

Amma rashin yardarta bai taɓa hana ta buɗe ƙofa ba. Matar nan 'yar Maraɗi, shekarun baya, ta zo Umra ta zauna, mijin ya ɓace mata, ga tsohon ciki. Kaka ta same ta zaune a bakin wani kango kusa da inda take sayar da gyaɗa da turare. Ta tsare ta da tambayoyi kamar a gaban alƙali: garinsu, sunan unguwa, wa ya kawo ta, me ya sa kusa da tirenta ta zaɓi zama. Da ta gama ta ce, "Ban yarda da ke ba. Tashi mu je." A ɗakinmu ta haihu. Ta yi watanni tana ci daga tukunyarmu, kuma har ta bar gidan Kaka ba ta daina ɓoye makullin akwatinta ba.

Game da bargon, ga abin da na gani da idona. In an yi mana rasuwa, kafin a fitar da tufafi, Kaka takan ɗauki riga ɗaya ta yanki ƙyalle kamar faɗin tafin hannu daga cikin kalmasa, inda ba zai ɓata rigar ga wanda za a ba ba. Ta wanke shi, ta goge, bayan la'asar ta zauna kusa da taga ta ɗinka shi da hannu. Babu turare, babu karatu, babu komai na ɓoye, sai allura da zare da gilashin idonta da ya karye aka ɗaure da roba. Gefe uku na bargon a kalmashe suke. Na huɗun a buɗe ta bar shi, zare na reto, don nan ne mai zuwa zai shiga.

Na taɓa tambayarta ko ba ta tsoron a ce bidi'a ce. Ta ce, "Ya binti, 'yar nan, a ƙasar nan kabari ba shi da suna, mace kuma ba ta zuwa maƙabarta. Kakanki ban san ramin da yake ba. Ubanki ban san ramin da yake ba. Ba roƙonsu nake yi ba, ba shafa su nake yi ba. In na ga ƙyallen na tuna in yi musu addu'a. In wannan laifi ne, a faɗa mini a gaban Allah, ba a kan titi ba."

A tsakiyar bargon akwai wani shuɗin ƙyalle mai kauri, ya koɗe har ya kusa zama toka. Kaka ta ce daga rigar Ta-Ƙetare yake. Haka ake kiranta a gidanmu, ba wanda ya san sunanta na yanka. Ita ce kakar mahaifiyar Kaka. An haife ta a wani ƙauye a Amurka, a ƙarni na sha tara, cikin gonakin auduga. Tana budurwa ta shigo jirgin ruwa tare da baƙaƙen fatar da suka komo Laberiya. Can wani bafatake Bahaushe mai safarar goro ya gan ta, ta musulunta, ya aure ta, ya kawo ta ƙasar Kano. An ce har ta mutu Hausarta ba ta miƙe ba. An ce takan gasa ƙullun masara cikin toka ta ci kamar gurasa. An ce takan faɗa wa yara cewa a garinsu ruwa kan zama dutse saboda sanyi, gidajensu kuma da gungumen itace ake yi a liƙe tsakani da laka, yara su yi ta dariya suna cewa tatsuniya ce. Haushin kare yana sa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Dangin mijinta manoman auduga ne, amma ko sau ɗaya ba ta taka gonar ba. Ta ce ta tsinci rabonta tun tana ƙarama. Ita ta fara haɗa ƙyallaye, kuma daga hannunta al'adar ta gangaro, uwa zuwa 'ya.

Ina karatun tarihi daga nesa, ta waya da kwamfuta, kuma abin da aka fara koya mana shi ne kada ka yarda da labari don kana son sa. Sai na fara zargin labarin Ta-Ƙetare. Na duba abin da aka rubuta game da jiragen da suka kai mutane Laberiya. Lalle an yi su, lalle fataken goro sun kai wajajen. Amma ba mu da sunanta, ba sunan ƙauye, ba sunan jirgi. Neman nawa ya zama kamar neman allura a rairayin bakin tekun Abhur. Don haka na koma wa baki, na fara tambayar 'yan gida ɗaya bayan ɗaya.

Nan na ci karo da abin da ya rikita ni. Ni Kaka ta faɗa mini cewa uban Ta-Ƙetare kafinta ne, uwarta kuma a jirgi ta mutu aka jefa ta teku. Gwaggo ta rantse cewa ita an faɗa mata baiwa ce, a gonar wani aka haife ta, sai bayan wani babban yaƙi aka 'yanta su, kuma da uwarta suka sauka lafiya. Baffa ya ƙi yi mini magana, amma matarsa ta ce shi abin da ya sani shi ne 'yar manomi ce mai 'yanci, mai gonarsa da alfadarinsa. Uwa ɗaya, baki ɗaya, labari uku.

Na yi zaton tsufa ne. Na jira ranar da take cikin nishaɗi, tana tsince shinkafa a tire, na ce, "Kaka, ko dai kin fara mantuwa ne?"

Ta kalle ni ta saman gilashi. "Uwarki ce ta fara mantuwa."

"To me ya sa kowa da nasa labarin?"

Ta ɗauko tsakuwa ɗaya daga cikin shinkafar ta nuna mini. "Kowa na zuba masa shinkafa mai kyau, na sa masa tsakuwarsa daban. In na ji an tauna ta a waje, na san daga tukunyar wa ta fito."

Ashe da gangan ne. Mahaifiyarta ma haka ta yi musu, in ji ta, don a san mai sakin baki a gida. Kuma dabarar ta taɓa kama ɓarawo. Gwaggo tana yarinya ta faɗa wa wata ƙawarta, labari ya zaga lungu, yara suka fara bin Baffa suna kiransa jikan bayi da Larabci. Ya yi faɗa har aka fasa masa gira, tabon yana nan. Da maganar ta dawo gida Kaka ba ta tambayi kowa ba, kai tsaye ta nufi Gwaggo da muciya.

"To wanne ne na gaskiya?" na ce.

"In na faɗa miki, wa za ki kai wa?"

"Ba kowa. Rubutawa kawai zan yi."

"Kin ji ko? Rubutawa kawai." Ta ci gaba da tsintarta.

Faɗa mafi girma da muka yi da ita a kan hoto ne. Na ɗauki hoton bargon na sa a wani zaure na intanet inda mutane ke neman asalin kakanninsu. Wata Ba'amurkiya baƙar fata, musulma, ta rubuto mini cewa kakarta a ƙauye irin wannan haɗin take yi, ƙyalle ɗaya a tsakiya, dogaye suna kewaye shi. Ta ce za su zo Umra da mijinta, ko za ta iya biyowa ta gani? Da na faɗa wa Kaka sai ta ajiye cokali. "Kin sa mu a waya," in ji ta. "Matattuna kin baza su a kasuwa." Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Sannan wata safiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ta zo. Jakarta a bakin ƙofa, wayarta a kicin."

Matar ta zo da rana, doguwa, mai fara'a, tana ta haki saboda benenmu. Ni ce tafinta.

"Tambaye ta wa ya aiko ta."

Na tambaya. Matar ta yi dariya ta ce ba kowa.

"Ƙarya ne. Kowa akwai wanda ya aiko shi. Ce mata ta zauna."

Aka shimfiɗa bargon. Matar ba ta tsaya kallon launuka ba. Ta kama gefe ta juya shi, ta bi sawun zaren ta baya da yatsa, a hankali, idonta ya kawo ruwa. Na ga Kaka ta gyara zama. Ta miƙa mata allura da wani tsumma. Matar ta yi ɗinki kaɗan, karkatacce, tana ba da haƙuri, ta ce ita kallo kawai ta yi tana yarinya.

"Tambaye ta, na kakarta a kalmashe suke ko a buɗe?"

Matar ta ce duka a kalmashe, kowanne an gama shi.

"To," in ji Kaka, "nasu sun gama mutuwa ke nan."

Wannan ban fassara ba.

Kafin ta tafi, matar ta ce akwai masana a can da za su iya duba zare su faɗi inda aka saƙa shi da zamaninsa. In aka ba ta ɗan tsinke daga shuɗin ƙyallen, za ta kai. Abin da nake nema ke nan, hujja. Na fassara ina kallon ƙasa. Kaka ta ja bargon zuwa cinyarta. "Ce mata an saya an sayar da ita a wurinsu sau ɗaya. Ba za ta koma musu a cikin ambulan ba."

Da baƙuwar ta sauka, Kaka ta leƙa ta taga har ta ga ta shiga tasi. "Ba 'yar'uwarmu ba ce," in ji ta. "Amma ta zauna kusa da wadda ta iya. Duk wanda na nuna wa, fuska yake kallo. Ita baya ta juya." Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne kalmar saye da sayarwa. Na yi ta juya ta a raina. Ko dai gaskiyar ce ta kuɓuce mata cikin fushi? Ko kuwa wata tsakuwar ce ta jefa wa baƙuwa, don ta ga ko za ta dawo daga Amurka? Har ta rasu ban sani ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne abin da duk labaran uku suka yarda da shi: auduga, sanyi, jirgi, bafataken goro, da allura.

Washegarin tashi daga makoki, Baffa ya zo da hantsi da motar kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, wanda yake yi wa tuƙi a Abhur. Aka sauko da tufafin Kaka a buhuna, za a kai wa matan leburori a unguwar masana'antu ta Jidda. Ya koma sama ya fito da bargon a kafaɗa. Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofa ba. A rayuwata ban taɓa tare masa hanya ba.

"Baffa, Babana yana ciki."

"Babanki yana wurin Ubangijinsa. Matsa, ya binti."

"Ba tsafi ba ne. Kai ma ka sani."

Ya sauke bargon a kan hannun kujera. "Na fi ki sani. Ina kallo ta sa rigar ubana a ciki. Ba tsafi nake tsoro ba." Ya taɓa girarsa. "Shekara nawa muka yi a garin nan muna cewa mu 'ya'yan mahajjata ne, da ƙafarmu muka zo, ba wanda ya sayo mu? 'Ya'yana ko Hausa ba sa iya mayarwa, a makaranta fatarsu kaɗai ta ishe su kaya. Yanzu ki zo ki rubuta musu cewa daga gonar bayi suka fito? Kuma muddin gefen nan yana buɗe, kullum sai wani ya tambaya, kullum sai an ba da labari."

"In gaskiya ce fa?"

"In gaskiya ce ta sha wuyarta ta wuce. Mu ne a raye." Ya ɗauki bargon. "Yalla, ba ni hanya."

Na matsa. Ban iya wani abu ba. Ta taga na ga ya sa shi a kujerar gaba, ba a bayan mota tare da buhuna ba, amma ban yarda in ɗora fata a kan wannan ba. Kwanakin da suka biyo baya na yi ta zarginsa da komai. A raina na ce ya jefa a kwandon shara. Na ce ya ba wani lebura yana shimfiɗawa a ƙarƙashin injin sanyi. Na kira wayarsa bai ɗauka ba. Gwaggo ta ce in bar shi, Yaya ba a matsa masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo da leda babba, ya ajiye a gabanmu, bai zauna ba. Na buɗe. Bargon ne. A gefen da yake buɗe an ƙara ƙyalle ɗaya, ruwan ƙasa mai ɗigon fari, daga mayafin da Kaka ke salla da shi. Shi da kansa ya yanka, don yankan a karkace yake. Sannan an ninke bakin gaba ɗaya an bi shi da keke, layi biyu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wurin wani tela ya kai shi a cikin kasuwa.

"Ta shiga," in ji shi. "Daga kanta an rufe. Ni in na mutu kada wanda ya taɓa mini riga. Ki ajiye, ki rufa da shi in kin ga sanyi. Abin da za ki rubuta kuma, kada ki sa sunan kowa."

Ya juya ya sauka. Har yau ban san ko don ƙaunar uwarsa ya yi ba, ko don ya kashe maganar, ko duka biyun. Na zauna riƙe da bakin bargon, ina jin taurin sabon ɗinkin a yatsuna, na kasa sanin ko murna zan yi ko kuka.

Gwaggo ta jira har muka ji tashin motarsa. Ta tashi ta rufe taga. Ta ɗauko gilashin Kaka mai roba ta ɗora a hanci, ta juya bargon ta baya, ta daɗe tana duba layin.

"Ɗinkin keke ne," in ji ta a hankali. "Ba ya wuyar warwarewa."

Allah Ya ji ƙan Kaka, Ya yalwata mata makwanci, Ya sada ta da waɗanda ta ɗinka da hannunta. Ya ji ƙan Ta-Ƙetare, wadda mu ba mu san sunanta ba, Shi kuwa Ya sani.